Jan Kwari Mai Madubi

Yanzu idan na fito ƙofar gida da hantsi na dubi duwatsun da ke yamma da mu, ba abin da nake ji sai ƙarar masu fasa dutse da kukan babura. Dajin da ya tashi daga bayan garinmu, ya bi gindin duwatsun Roni har ya doshi Gwiwa, an share shi tas, ya koma gonakin gero da gyaɗa. A da kuwa mutum ba ya kutsa kai cikinsa sai ya shirya. Marke da kanya da tsamiya sun haɗe kai, gwaggon biri na haushi a kan dutse, zabin daji su tashi fir a gabanka har hanjinka ya kaɗa. Yaran yanzu idan ka ce musu gada ta taɓa shigowa har bayan masallacinmu, sai su dubi juna su yi murmushi, wai tsoho ya fara. To su yi ta yi. Ni dai na ga dajin da idona, kuma akwai wata rana ɗaya da na baro a cikinsa wadda har yau ba ta bar ni ba.

Mahaifina shi ne Sarkin Bakan garinmu, wato shugaban maharba. Gajere ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Abin da aka fi saninsa da shi bayan harbi shi ne kwarinsa, gidan kibau da yake ratayawa a baya. Kai, ban taɓa ganin abu mai muni irinsa ba! Guntun gora ne mai kauri, an sa masa rigar ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa, gumi da man shanu da hayaƙin ɗaki sun mayar da shi baƙi ƙirin. Ba tuntu, ba zane, ba komai. Gindinsa an toshe shi da itacen marke mai kaurin yatsa uku, an cusa audugar rimi a kai, saboda kibau kansu ƙasa suke kwana, tsininsu na kallon gindin. A wuyansa kuma, daidai inda maratayi ya kama, akwai wata 'yar jakar fata kamar laya, an ɗinke ta gam. A cikinta makari yake, garin maganin da ke karya dafi idan an yi sa'a an sha shi da wuri.

Aikina ne tun ina ƙarami in shafe kwarin da mai, in canja audugar, in ƙwanƙwasa gindin da yatsa Baba yana saurare. Idan ƙarar ta fito dim, sai ya gyaɗa kai. Yakan ce da ni, "Auta, kibiya ba ta san mai ita ba. Wannan itacen shi ne tsakaninka da ita. Makarin nan kuma ko ɗaki za ka canja wa kwarin, kada ka raba su." Na ji wannan magana har na gaji da ita. Mu duka a gidan tsoron dafin muke yi. Kwarin a can sama yake rataye a ɗakin Baba, Inna ko shara za ta yi ba ta bi ta ƙarƙashinsa. Na taɓa ganin kaza ta tsattsagi wani tsohon kaskon dafi da aka manta a bayan danga, ba ta yi taku goma ba ta kife tana shure-shure. Na ga gwanki, ƙaton nama kamar ɗan maraƙi, kibiyar Baba ta ɗan yage shi a ƙafa kawai, muka bi sawunsa, tun rana ba ta gusa ba muka same shi kwance yana kumfa.

Sai zamani ya juya. Aka canja kuɗi, aka daina cewa fam da sule, kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa. 'Yan'uwana maza duka suka tsere Kano aikin kamfani, suna dawowa da sallah da agogo da rediyo da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Babban wanmu ya aiko mini da keke sabo fil, mai ƙararrawa da kariyar goyo a baya. Ni kaɗai na rage a gida, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kaina cike da iska. A shekarar ne idon Baba ya fara yana, gwiwarsa ta dama ta soma ciwo. Wata rana ya sauko da baka da kwarin ya ajiye a gabana ya ce, "Naka ne yanzu." Na durƙusa na yi godiya, amma wallahi a raina kunya nake ji. Farautar gayya ta rani na tafe, wadda garuruwa ke haɗuwa da kiɗa da karnuka, 'yan mata na tsayawa a bakin gari suna kallon masu fita. Ni da sabon keke, sannan in goya wannan baƙin abu kamar muciyar da ta ƙone? Ina!

Ran kasuwar Kazaure na je rumfar dukawa, na hangi wani kwari rataye. Jar fatar akuya ce, an zane ta da baƙi da kore, tuntaye na reto har ƙasa, ga ɗan madubi zagayayye an ɗinke a wuyansa. Na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Badukun dattijo ne mai gaskiya, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya dube ni ya dubi kantar da tsarkiyar baka ta yi mini a yatsa, ya ce, "Samari, kai maharbi ne?"

Na ce, "Ɗan Sarkin Baka ne ma."

Ya ce, "To wannan ba naka ba ne. Na ratayewa a bango ne, ma'aikata da Turawa ke saye su kai falo. Cikinsa kwalin da ake naɗe yadi ne. Gindinsa fata ce falle ɗaya. Ka ba ni kwana bakwai in yi maka na gora."

Na ce ni wannan nake so. Ya ce to aƙalla in bari ya sa masa itace a gindi. Na ce zan sa da kaina a gida, sauri nake. Ya girgiza kai ya miƙo mini. Na naɗe shi a buhu na shigo da shi gida a ɓoye, na tura ƙarƙashin gado. Ba wanda ya gani, ko Inna. Itacen kuwa na ce gobe, gobe ta yi na ce jibi.

Kwana uku bayan haka Baba ya ce za mu je dafa dafi. Ba a dafa shi a gari, sai can cikin daji, nesa da rijiya da yara da dabbobi. Muka fita da sassafe, na goya shi a keke, buhu ɗaure a gaba da kasko da 'ya'yan kwankwani, waɗanda ake dafa dafin da su, da sababbin kibau goma sha biyu da maƙeri ya ƙera mana. Baba ya ɗauka tsohon kwarin ne a cikin buhun. Ni kuwa na bar shi rataye a ɗaki, na sako jan. So nake in ga yadda kibau za su zauna a cikinsa, iyakar tunanina ke nan. Muka yi tafiya mai nisa har bayan wani dutse da ke da kogo, inda kakanninmu ke dafawa. Baba ya sa na tsaya ta inda iska ke fitowa, shi ya zauna yana juya kaskon da tsinke, hayaƙi mai ɗaci na tashi. Abin ya yi baƙi ya yi kauri kamar maɗi. Ya shafe kan kibau ɗaya bayan ɗaya har bayan kunnuwansu, muka jera su a kan dutse rana ta busar. Ba ma magana. Ko tsuntsu ba ya sauka kusa da wurin.

Da rana ta take tsaka ya ce in kawo kwari. Na zaro jan daga buhu. Madubin ya ɗauki rana ya haska masa fuska, ya kanne ido.

"Mene ne wannan?"

"Sabo na yi, Baba."

Ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya tuna hannunsa duk dafi ne bai wanke da toka ba, ya janye. Idon kuma ba ya gani sosai. Ya ce, "Gindinsa itace ne?"

"Itace ne, Baba."

"Makarin fa?"

"Na sako shi a ciki."

Ƙarya biyu a numfashi ɗaya. Ban shirya su ba, tsoron faɗansa ne ya fito da su. Na yi maza na zuba kibau, na rataya a bayana kafin ya gama wanke hannu. Ya ce, "Idan mun je gida zan duba shi." Na ce to. A raina na ce kafin ya huta na sa itacen, na ɗinke makarin, shi ke nan magana ta mutu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne keke. Iyayenmu da ƙafa suke tafiya, kuma ba mai bin maharbi kusa da baya, taku uku ake bari. Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake goyon mutum da kwari a tsakani, don a zamaninsu ba a yi ba. Baba ya zauna a kariya a karkace saboda gwiwar, gindin kwarin na reto daidai cinyarsa. Ina jin kibau na kwaram-kwaram a cikin kwalin, ba audugar da za ta riƙe su. Muka zo gangaren wani kwazazzabo, na ƙi sauka in tura, ina jin kaina. Tayar gaba ta faɗa rami, keken ya yi tsalle, Baba ya zamo ya bugi bayana. Na ji wani ɗan sauti, ɓus, kamar an huda ƙwarya. Ban ji ihu ba. Sai muryarsa kawai, a hankali.

"Auta, tsaya."

Na tsaya. Na waiga. Tsinin kibiya ya fasa jar fatar ya leƙo kamar rabin yatsa, baƙi, da jini a kansa. A wandon Baba akwai 'yar huda, jini kaɗan na tsattsafowa. Rauni ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Na zube a ƙasa ina salati.

Shi kuwa ya sauka ya zauna a gindin wata aduwa. Ya ce in kwance tsarkiyar baka, ya ɗaure cinyar da ita tamau daga sama. Ya zaro wuƙa ya tsaga wurin da hannunsa, yana matsawa jini na zuba. Na kai baki zan tsotse, ya hankaɗe kaina da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Kai mahaukaci ne? Sabon dafi ne. Kawo makarin."

Ban motsa ba.

"Auta, makarin."

Na ce, "Yana gida, Baba. Yana jikin tsohon."

Ya ɗago ya dube ni. Na so ya zage ni, na so ya mare ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya miƙa hannu ya jawo kwarin daga kafaɗata, ya shafa wuyansa inda jakar makari ya kamata ta kasance, yatsansa ya sauka kan madubi. Ya ƙwanƙwasa gindin, ba ƙara, fatar ta lotsa. Ya dubi rana, ya dubi hanyar gari, na ga yana lissafi a ransa. Shi ya san dafinsa fiye da kowa.

"Wa ya san ka sayi wannan?"

"Ba kowa."

"Ko uwarka?"

"Ko ita."

Ya zaro kibau duka ya soke kansu cikin ƙasa a gindin aduwar, ya bar guda ɗaya mai jinin a ciki. Sannan ya rataya jan kwarin a bayansa. Na ɗauka don kada ya sake tsaya mana a tsakani ne. Ya warware rawaninsa ya ce in ɗaure ƙugunsa da nawa. "Tuƙa. Kada ka waiwayo, kome ka ji."

Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Rana na dukan kaina, rairayi na kama taya, sarƙa na kuka, ni kuma ba abin da nake saurare sai numfashin da ke bayana. Da farko yana ta ambaton Allah a fili. Can sai na ji gumi ya jiƙa mini baya, nasa ba nawa ba, mai sanyi. Ya yi amai sau biyu ban tsaya ba. Hannunsa da ke riƙe da rigata ya fara saki yana kamawa. Duk naman da na taɓa bin sawunsa ya dawo mini a ido, yadda gada ke fara gudu sosai, sannan sawun ya karkace, sannan ka ga inda ta durƙusa ta tashi, sannan ka same ta. Na san kowane mataki, kuma ina jin su ɗaya bayan ɗaya a jikin ubana. Ina kuka ina cewa, "Baba, ga tsamiyar makiyaya nan, mun kusa. Baba, ka yi magana." Sai ya ce, "Ina ji." Can ya ce, "Auta, gari ya yi rawaya." Na taka keken har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwarona. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta.

Mun shigo gari an idar da azahar, mutane na fitowa daga masallaci. Na yi ta ihu ana kaucewa. A ƙofar gida muka faɗi tare da keken. Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ma maharbi ne, shi ya fara isowa ya kwance rawanin. Aka shimfiɗa Baba a zaure, jan kwarin na bayansa har yanzu, tuntaye sun sha ƙasa. Na ruga ɗaki na fizgo tsohon kwarin, na yage jakar da haƙori, Inna ta dama garin a ludayi. Ya sha kaɗan, sauran ya zubo ta gefen baki. Zauren ya cika. Liman ya durƙusa kusa da kansa. Baffa ya ciro kwarin, ya ga tsinin da ya leƙo, ya juya shi yana kallon madubin kamar bai yarda da idonsa ba.

"Yaya, mene ne wannan? Me ya faru?"

Na buɗe baki zan yi magana. Hannun Baba ya lalubo ƙafata ya matse. Ya tattaro abin da ya rage masa na murya, ya ce yadda kowa zai ji, "Dafina ne. Ni na dafa shi da hannuna. A bayana kuka ga kwarin. Kada a tambayi yaron nan komai, ya yi ƙoƙari."

Bai faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba, amma kowa a zauren ya fahimci abin da yake so a fahimta. Daga nan sai kalmar shahada, Liman na faɗa yana bi. Kafin la'asar ya cika.

A zaman makoki ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin abin da ake raɗawa. Wai tsufa ba ta da kyau. Wai dubi Sarkin Baka, mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa mutane tsaron dafi, ya je ya sayo kwarin yara mai madubi don a gan shi ranar farauta. Wani ya ce tun da idon ya tafi hankalin ma ya fara bi. Wani ya yi 'yar dariya ya rufe baki. Ni kuma duk wanda ya zo sai ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, na goyo ubana daga daji ban yar da shi ba. Kowace albarka kamar a ɗora mini garwashi take. Mutumin da ba a taɓa kama shi da sakaci ba, sunan da ya tafi da shi ke nan, kuma ni na san inda ya samo shi.

Ran sadakar uku na kasa daurewa. Na sami Baffa shi kaɗai da hantsi a bayan gida yana haƙa rami zai binne jan kwarin da kibiyar. Na durƙusa na ce, "Baffa, akwai maganar da zan faɗa maka. Kwarin nan…"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Maratayin ya yi wa Yaya tsawo. Har gwiwa yake kai masa. Tun a zaure na gani."

Na ce, "To ka bari in faɗa wa mutane. Ana zaginsa, Baffa. Ana yi masa dariya."

Sai a lokacin ya ajiye fartanyar ya dube ni, idonsa jawur.

"Ya sani za a yi. Tun daga daji ya sani, ya kuma ɗauka ya rataya. Da numfashinsa na ƙarshe ya saya maka zaman garin nan, don kada a riƙa nuna ka ana cewa ga wanda ya kashe ubansa, kada uwarka ta riƙa kallonka tana tunawa. Yanzu kai za ka je ka mayar masa da kyautarsa don ka ji sanyi a ranka?"

Ya tura kwarin cikin ramin da ƙafa, ya miƙo mini fartanyar.

"Rufe," ya ce.

Na rufe.